Shafin Hagu

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ciwon bayan nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kin san halina da haɗa albam. Shekara goma sha bakwai ban taɓa yarda da shiryayyen tsarin nan na kwamfuta ba, mai akwatuna a jere, kowa ya cusa hoto ya tashi. Ni kowane shafi da kaina nake tsara shi, in matsar da wannan hoto, in rage wancan, ido kawai ne ma'aunina. Ke ma kin sha yi mini tsiya wai na fi tela ɓata wa mutane lokaci.

To, makon jiya wata malamar makaranta ta dawo mini da albam ɗin bikin 'yarta. Ko faɗa ba ta yi ba, buɗewa kawai take tana nuna mini. Duk shafin hagu ya karkace. A wani an yanke kafaɗar ango, a wani rabin fuskar kakarsu babu. Na dama kuwa tsaf. Nan take na kira mai buga mana albam na wanke shi tas, girman kai rawanin tsiya. Bawan Allah sai kawai ya turo mini abin da na aika masa. Aikina ne, haka na tsara shi.

Da ta tafi na zauna, na rufe idon dama da tafin hannu. Yaya, ƙofar shagon ma ban gani ba, sai duhu-duhu. Kin tuna yadda Baba ya fara ture kofi a gefen tebur muna yi masa dariya? Shekara biyu ba ta cika ba muka koma riƙe masa hannu.

Wallahi tsoro nake ji. Matata ba ta sani ba, na kasa buɗe baki. Albam huɗu na jirana, ko taɓa su ban yi ba.

Asibiti sun ba ni ranar Talata. Don Allah ki zo ki raka ni, ke kaɗai. In mun zauna jiran likita, ki zauna ta damana. Ina so in kalle ki sosai.

Ki gaida kowa, amma kada ki faɗa wa Mama tukuna.

Ƙaninki,
Mai Hoto