Sun ce ni na watsa wa Baba sankara

Tanti Hadiyya, don Allah ki taimake ni, raina ya ɓaci ƙwarai. Babanmu magini ne, rabin gidajen layinmu a unguwar Bobiel hannunsa ne. Ya daɗe fitsari yana ba shi wahala, ga ciwon baya, amma in an yi magana sai ya ce gajiyar siminti ce. Ni na matsa masa da kuka har ya yarda muka je asibiti. Likita ya sa allura ya ɗebo ɗan nama, aka ce sankarar prostat ce, wadda ke kama maza a ƙasan mafitsara. Da aka ɗauki hoto kuma, aka ce ta kai ƙashi.

Yanzu Yaya Halidu, babban wanmu, ya ce kowa ya san in ƙarfe ya taɓa sankara sai ta watse, wai da tana zaune lafiya na sa aka tsokane ta. Ya hana a mayar da Baba asibiti. Baba kuwa bai ce mini uffan ba, shirun nan ya fi zagi ciwo. Tanti, ni na jawo masa?

'Yar magini, Bobiel

'Yata, ba ke ba ce. Ƙwayoyin jikin mutum riƙe suke da juna kamar bulo da siminti, kuma akwai umarnin da aka gada daga iyaye a cikinsu mai sa su yin wannan abin riƙon. Sankara kan kashe umarnin, riƙon ya saki, ƙwayoyin su ɓalle su bi jini har ƙashi. Wannan kan faru a ɓoye, sannu a hankali. Mai yiwuwa ciwon bayan nan ita ce tun can. Allurar gano ta ta yi, ba ita ta kai ta ƙashi ba.

Amma kada ki riƙe Halidu a zuci. Tsoro ne, ya ga mutane da yawa sun je asibiti a makare, cutar ta ci ƙarfinsu, sai aka ɗora wa ƙarfe laifi. Kada ki yi gardama da shi gaban Baba. Ki roƙe shi ya raka ku, ya tambayi likita da bakinsa. Akwai maganin da ke rage gudun cutar da zafinta, jinkiri kuwa Baba zai cutar.

Shirun Baba kuma, kin tambaye shi? Wataƙila ba fushi ba ne, kunya ce, 'yarsa ta san ciwon da ya ɓoye. Ki kai masa shayi yau, ki zauna kusa da shi. Jikinsa ne, ku ji abin da yake so.

Allah ya ba shi sauƙi, ya bar ku riƙe da juna.

Tanti Hadiyya