Na Wasa Alƙalamin Mahaifinki

Unguwar Magajiya,
Suleja.
18 ga Nuwamba, 1979.

Zuwa ga 'yata Sakinatu,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya a can Maiduguri, ya kuma sa ki gama karatun jinyar nan da sa'a. Mu nan kowa lau. Innarki Asibi ta samu sauƙin ƙafa har ta koma tuyar ƙosai, dawar gonar Iku ma ta yi kyau bana. Sunan garin da kika gani a sama ba daga bakina ya fito ba. Ni Abuja na ce, sunan da muka tashi da shi kafin a ɗauke shi a ba sabon babban birnin ƙasa, mai rubutu ya ce in ya sa haka amsarki za ta ɓace a hanya. Mai rubutun kuwa Mista Onwuka ne, malamin makarantar da ya kama haya a ɗakunan ƙofar gida bayan tafiyarki. Haihuwar Zariya ne, Hausa a bakinsa sai ka rantse Bazazzagi ne. Na ce ya sa maganata yadda ta fito, kada ya gyara.

Za ki ga rubutun yana karce takarda, yana ɗigar tawada. Da alƙalamin mahaifinki ake yin sa, kuma a kansa nake son magana. Kin san marigayi Rabi'u ya bar mini shi amana, ya ce ranar da kika kama aiki da shi za ki sa hannu a takardar farko. Shekara tara yana ƙasan akwatina a naɗe cikin ƙyalle. Da kika aiko cewa saura wata biyu, sai na ciro shi in shirya miki. Na duba bakinsa na ga ya cinye ta gefe guda, ya karkata hagu. Ni dai abin da na tashi na gani, alƙalami in ya dakushe feƙe shi ake yi. Wuƙa ta ƙi kama shi, sai na ɗauko dutsen da nake wasa aska, na goga shi har ya daidaita ya yi tsini. Asibi ta ce in bari a tambayi wanda ya sani, na ce mata na girmi alƙalamin. Na dama tawadar allo da ƙaro mai kauri na shayar da shi. Ya ƙi rubutu sam.

Ran Lahadi na kai wa Onwuka, na tarar da shi da abokinsa Oladipo mai kemis sun dawo daga coci sun buɗe wani akwati. Sakinatu, alƙaluma ashirin da bakwai na gani a jere kan karan-miski! Na tambaya ko na sayarwa ne, ya ce a'a, tarawa yake yi. Wasu ma, in ji shi, ba su taɓa shan tawada ba. Na ce mutum mai hannu biyu, ɗaya ma yake rubutu da shi, me zai yi da wannan garke? Suka yi ta dariya, suka koma gardamarsu kan wane samfurin alƙalami ya fi. Oladipo ya ce babu kamar Shifa wajen laushin baki, Onwuka ya ce duk mai hankali Faka hamsin da ɗaya zai zaɓa. Akwai wani ɗan Jamus mai ratsin kore, Felikan, da wani baƙi ƙato mai farin tauraro a marfi wanda ko Oladipo ba a bari ya taɓa. Da na warware ƙyallena, Onwuka ya miƙe tsaye, ya ce ai ga Fakan da yake magana, har da marfin zinariya. Ya cire marfin, ya sa gilashin masu gyaran agogo a ido, sai ya koma ya zauna. Oladipo ya karɓa ya duba, ya ɗora hannu a ka.

Tawadar, suka ce, ba komai, jiƙon kwana uku zai fid da ita, kuma ya fitar. Bakin ne. Ashe akwai wani ɗan ƙarfe mai tauri kamar ƙwayar gero a tsininsa, shi na goge. Onwuka ya tambaye ni dalili, na ce ya karkace hagu ne na gyara. Ya ce wannan ba lalacewa ba ce. Irin alƙalamin nan yana koyon hannun mai shi ne, shekara da shekaru, har ya ɗauki siffarsa. Sai ya riƙe shi a kwance, ya miƙe ɗan ali a sanƙare, ya ce lallai haka mai shi yake riƙewa. 'Yata, wallahi mutumin nan bai taɓa ganin mahaifinki ba, amma Rabi'u na gani a gabana. Haka yake riƙe alƙalami tun da ya karya yatsan nan yana ɗan shekara bakwai, ranar da ya faɗo daga ɗorawa, kuma ni na ce ya hau. Shekara ashirin yana rubutu a kotun alƙali, hannunsa yana nan a bakin ƙarfen, ni da nake cika baki cewa ba na mantuwa na goge shi tsakanin azahar da la'asar. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Onwuka yana da irinsa sabo fil, ya ce zai cire bakinsa ya sa wa namu, kyauta. Oladipo ya ce bai taɓa jin ya yi wa kowa wannan tayi ba. Na ce ba zan sa wa alƙalamin ƙanena baƙon baki ba. Ya ce sabon baki bai san hannun kowa ba, naki zai koya. Na kwana biyu ina juya maganar, na ga ba ni da ta cewa, tun da na riga na yi gaban kaina sau ɗaya. Naki ne. Ki aiko ki faɗa, a sa sabo ko a bar shi yana karce kamar yadda kike gani. Ban taɓa roƙon yaro gafara ba, yau ina roƙonki. Ki yafe mini.

In za ki zo, ki taho da littafi mai kauri. Abin da na sani na mahaifinki, tun daga ɗorawar nan har ranar da muka kai shi, yana bakina, kuma na haura saba'in. Ki zauna in faɗa ki rubuta.

Asibi tana gaishe ki, ita da Saudatu da yara. Ki gaida Malam Abdulsalami da iyalinsa da suke riƙe da ke. Onwuka ma ya ce a sa tasa gaisuwar. Dutsen kuwa Asibi ta ɓoye shi, ban kuma tambaya ba.

Ni ne baffanki,
Bamalli.