Na Kaɗa wa Kakan Dakta Ƙuri'a

Assalamu alaikum Anti, ke da duk masu leƙo wannan shafi. Don girman Allah ki ɓoye sunana, ku kuma masu sharhi ku sassauta min, kada ku fara da zagi, na riga ku zagin kaina. Daga nan zuwa Laraba dole in san abin da zan yi.

Ni 'yar Zariya ce, shekarata shida a Jidda ina aikin sakatariya a wani asibitin kuɗi. Mijina ya rasu, 'ya'yana biyu suna wurin mahaifiyata, da wannan aikin nake riƙe da su. Wanda nake aiki a ƙarƙashinsa wani tsohon likita ne, Bature mutumin ƙasar Ailan, zan kira shi Dakta kawai. Idonsa ya yi rauni, ya daina fiɗa, ƙaramin rubutu ma sai na karanta masa. Shi yake sa hannu duk shekara kafin asibiti ya sabunta min kwantiragi da iƙama, wato takardar zama. Shekarar da aka rage ma'aikata sunana yana ciki, shi ya je ya tsaya kai da fata har aka cire. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da na cuta.

Dakta yana da wani abu da ya sa a ransa. Ya daɗe yana rubuta tarihin zaɓuɓɓukan mazaɓarsu ta da, wata 'yar ƙaramar mazaɓa da take tura wakili majalisar Landan tun zamanin da Ingila ke mulkinsu. An soke ta tuntuni an haɗe ta da wasu, ko sunanta babu a takardar zaɓe yanzu. Har tsokanarsa nake yi, in ce, "Dakta, mu a garinmu zaɓen da ya wuce ma ba a gama rigimarsa ba, kai kana bin na mutanen da ƙasa ta cinye?" Sai wata rana ya zaunar da ni ya faɗa min dalili. Ya ce a wancan lokaci babu ƙuri'ar sirri. Mutum zai tsaya a gaban jama'a, ga mai gonar da yake haya yana kallonsa, ya faɗi wanda ya zaɓa da bakinsa, magatakarda ya rubuta sunansa da zaɓinsa a littafi. Wanda ya saɓa wa mai gona yana iya wayar gari an watso masa kaya waje. A wani zaɓe mai zafi garin ya rabu biyu, ɗan takarar masu gonaki da ɗan takarar talakawa, aka ce kakan kakansa ya sayar da 'yan'uwansa ya bi masu gonaki. Tun daga nan aka laƙaba wa gidansu wani suna na gori. Ya ce da shi yara suke kiransa a firamare. Mutum ya haura saba'in, amma da ya zo nan muryarsa sai da ta canza. Na gane sarai, mu ma mun san yadda laifin kaka yake bin jika har gidan aure.

Watanni bakwai da suka wuce gwaggonsa ta rasu a can, aka aiko masa da kwalin takardunta. A ciki aka tsinci littafin magatakardan wancan zaɓen, shi kaɗai ya rage a duniya a iya saninsa. Rubutun hannu ne siriri, shi ba ya iya gani, sai ya roƙe ni in buga masa a kwamfuta a ranakun hutu. Abu biyu ya ja min kunne a kai. Ya ce in ɗauki hoton kowane shafi kafin in taɓa komai, kuma kada ruwa ko rana su gan shi. Na ce to. Na ɗauki hoton kusan rabi, wayata ta cika, na ce gobe zan ƙarasa. Goben da ba ta zo ba ke nan. Na kai kwalin ɗakina a unguwar Safa na ɗora a kan kanta, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wai don ya sha sanyi.

Wata Juma'a da safe na tashi na ga bango ya jiƙe. Na'urar ta yi ta ɗigar da ruwa, duk a cikin kwalin. Maimakon in kira Dakta, ko in tambayi wanda ya sani, sai na yi abin da duk muke yi a gida in littafi ya jiƙe, na hau saman bene na shanya. Ranar Jidda kuwa kun san ta. Kafin azahar shafukan sun bushe sun kanannaɗe. Sai na tuna yadda na taɓa goge takardar shaidar karatuna da dutsen guga ta miƙe tas, na ɗauko dutse na jona. Shafin farko ya miƙe, na biyu ya miƙe, har ina yaba wa kaina dabara. Ina cikin yi na ji ƙauri. Na ɗaga dutsen na ga gefen takardar ya yi ja, ina taɓawa ya marmashe kamar busasshen ganyen kuka. Na duba na baya, su ma gefensu yana zuba. Garin gyaran gira na rasa ido. Shafi biyar ne suka lalace, duk daga cikin waɗanda ban ɗauki hotonsu ba, kuma gefen da ya zube shi ne daidai layin da ake rubuta wanda mutum ya zaɓa. Na bi sunayen da yatsa ina addu'a. A shafi na huɗu na ga sunan gidan su Dakta. Suna na nan, sunan gonar na nan, wurin zaɓin ya zama gari a kan zanin guga. Wallahi ban taɓa karanta layin ba, don bi da bi nake bugawa, ban kai nan ba.

Ranar Lahadi na shiga ofis da niyyar faɗa masa gaskiya, har na shirya kalmomin a mota. Ina ajiye jaka ya ɗago kai ya ce, "Kin kai kan sunanmu?" Na ce na kai. Ya ajiye biro, ya dafa tebur da hannu biyu ya ce, "Wa ya zaɓa?" Anti, ban san daga ina maganar ta fito ba. Tsoro ne? Tausayi ne? Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ɗan takarar talakawa." Ya cire tabarau, hawaye na bin fuskarsa. Ya ce, "Mahaifina ya mutu yana jin kunyar abin da bai faru ba." Ta yaya zan buɗe baki bayan wannan in ce wasa nake yi?

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma sauran sunayen da ke shafukan nan biyar fa? Su ma dole in cike musu. Kuma a ƙarshen littafin magatakarda ya rubuta jimillar ƙuri'un kowane ɗan takara, dole abin da na buga ya yi daidai da ita. Haka na zauna ina rabon matattu, wannan na ba masu gonaki, wancan na ba talakawa, ba da wani ilimi ba, sai yadda sunan ya yi min a ido. Ni da na yi aikin zaɓe lokacin bautar ƙasa, 'yan jagaliya suka kewaye rumfata suna zare min ido a kan in canza sakamako na ƙi, nake ta ba 'ya'yana labarin da alfahari. Yau ga ni ni kaɗai a ɗaki, babu wanda ya tsare ni da gora, ina maguɗi. Kuma na sani duk wanda na tura wa masu gonaki, gorin da Dakta ya sha na ɗora wa jikokinsa.

Mutum ɗaya na faɗa wa, Inna Asabe, wata dattijuwa mai sayar da atamfa a kasuwar Bab Makka da na ɗauka uwa a garin nan. A Jidda aka haife ta, a Karantina, unguwar da aka rushe. Na zaci za ta lallashe ni. Ta saurare ni tana ninke yadi, da na gama ta ce da Hausarta mai gauraye da Larabci, "Ya binti, 'yata, kin yi haram. Mu da aka rushe mana Karantina, yau in jikana ya ce ina gidanmu, me zan nuna masa? Fili ne. Sai 'yan takardun da na ɓoye a akwati, su ne kaɗai shaidar mun taɓa zama a wurin. In wata ta zo ta canza min su, wallahi ban yafe ba." Na ce, "Inna, in na faɗa masa za a buga min huruj, in tattara in koma gida ba dawowa. Yaran fa?" Ta ce, "Mushkila ce, na sani. Amma yalla, maza ki je ki same shi tun yana nan, ki faɗa da bakinki. Gara ya ji daga gare ki. Halas, shi ke nan, ni dai na gaya miki." Na fito daga shagon, na yi wata biyar ban je na same shi ba, ita ma na daina bi ta layinta.

Na yi ta yaudarar kaina cewa littafi ne na tsoho, mutum nawa za su karanta? Ashe a garinsu abin ba ƙarami ba ne. Ya tura musu abin da na buga, an riga an kai maɗaba'a, za a yi taron ƙaddamarwa a ɗakin karatun garin, 'yan'uwansa har daga wasu ƙasashe za su zo. Ranar Laraba da ta wuce ya sa na karanta masa saƙonninsa kamar kullum. Na farko daga ma'aikaciyar ɗakin karatun ne, tana cewa ya taho da ainihin littafin magatakardan, za su sa a gilashi jama'a su gani, kuma akwai masanin tsofaffin takardu da zai duba shi. Na biyu daga wata mata ce. Ta ce ta ga a kwafin da ke ɗakin karatun an rubuta kakansu ya bi masu gonaki, alhali su a gidansu labarin da suka gada shi ne a kan wannan zaɓen aka kore shi daga gona. Ta ce ba rigima take nema ba, tana so ne ta ga shafin da idonta. Sunan yana cikin waɗanda na raba. Na tuna shi sarai, na tura shi can ne don kawai lissafi ya cika. Ina karantawa ina tsallake kalmomi, har Dakta ya ce ko ba ni da lafiya ne. Ya ce in ba ta amsa cewa ta zo, takarda ba ta ƙarya. Ni na buga amsar da hannuna na tura.

Jirginsa ranar Alhamis ne, ya ce in kawo kwalin ofis ranar Laraba. Tun daga lokacin ko wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na yi tunanin in ce na manta kwalin a tasi. Na yi tunanin in yi shiru ya tafi da shi a rufe, tunda ba gani yake yi ba, amma ke nan a gaban danginsa da mutanen garinsu za a buɗe a ga ƙuna, a ce tsoho ya ƙirƙiro ƙarya don ya wanke gidansu. Shi za a tozarta, da gori sabo a kan tsohon. In kuma na faɗa masa, na ƙwace masa abin da ya jira tun yana yaro, kuma ba ni da gaskiyar da zan ba shi a madadi, don ni kaina ban san wa kakan nasa ya zaɓa ba, babu kuma wanda zai ƙara sani har abada. Sannan saura wata biyu iƙamata ta ƙare. Wa zai sa wa maƙaryaciya hannu? Me zan ce wa mahaifiyata in ta gan ni da akwati a ƙofar gida? Ina tsoron Allah, ina tsoron talauci, kuma ina jin kunyar cewa na biyun ne ya fi hana ni sukuni.

Jiya kafin a tashi ya kira ni ya ce saura shafi ɗaya, na godiya, wanda maɗaba'a ke jira a sa a farkon littafin. Yana faɗa ina bugawa. Ya gode wa gwaggonsa, ya gode wa ɗakin karatu, sannan ya faɗi cikakken sunana da na mahaifina da sunan garinmu, ya tambaye ni ko ya faɗa daidai. Ya ce in rubuta cewa ni ce idonsa, kuma duk kalmar da ke cikin littafin nan amanata ce. Na buga, na karanta masa, ya ce ya yi.

Anti, 'yan'uwa, kwalin yana nan gabana, yau Litinin. Ina da kwana biyu. Don Allah me zan yi?