Jirgin da Ka Sa Aka Yanke Daga Hoton Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar hanya? Ya iyali, ya ƙafar Inna, ya mutanen Maradi?

Jiya na je unguwar Treichville karɓo hoton Baba na zamanin sojan Faransa, wanda ka kai gyara kafin ka tafi. Sai na ga Baba tsaye cikin furanni, babu jirgin da ke bayansa. Mai hoton ya ce, "Hajiya, yayanki ne ya ce in sa almakashi, wai jirgin zuba bom bai dace da Alhaji ba."

Wa ya gaya maka na bom ne? Ka ga bindiga a jikinsa? Farfela biyu gare shi da ƙatuwar ƙofa a gefe, ta shigar da masu rauni. Sau nawa Baba ya ɗora yatsa a ƙofar nan yana cewa da kafaɗarsa ya shigar da su? Kai lokacin kana kasuwar Adjamé, ba ka taɓa zama ka saurara ba.

Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a in huce. Hoton mai furannin zan aiko maka, ka gaya wa 'ya'yanka aikin lambu Baba ya yi.

Ƙanwarka,
Rabi