Ƙanena Na Nan Tsaye a Bakin Gada

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin na shiga halin da ko maiɗakina na kasa faɗa wa. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa. Wannan ta huɗu ce, kuma na yi wa kaina alkawari ko ba ta yi tsari ba zan aiko.

Shekarata arba'in da ɗaya. Ɗinkin littattafai nake yi a wata maɗaba'a: in jera shafuka, in ɗinke, in shafa gam, in datse gefe. Ragowar takardun da ake yankewa ba na zubarwa, da su nake haɗa littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, tun ina sakandare. Abokan aiki Agogo suke ce mini. Na faɗi wannan ne don ki san ni ba mutumin wasa ba ne.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da Auta, na ba shi shekara takwas. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, jinyar kwana huɗu. Ya bar mata da 'ya ɗaya mai shekara tara, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu, shi ya sa nake ce mata Uwata.

Auta yana da na'urar wasa da ake haɗawa da talabijin. Ba ta ƙwallo ko tseren mota ba. Irin wasan da ake ba ka mutum guda ka zama shi, ka zaɓa masa suna da kama da sana'a, ka yi ta yawo da shi gari-gari, mutane na kawo maka kukansu, abin da ka zaɓa kuma ya bi ka har ƙarshen labari. A kan wannan mun sha saɓawa. In na same shi riƙe da hannun wasan, wato abin dannawar, sai in ce masa magidanci da gemu ba ya zama yana farautar dodanni. Shi kuwa dariya yake yi, wai Yaya in gwada na minti goma kacal, in ban ji daɗi ba zai wanke mini babur wata guda. Ban taɓa gwadawa ba. Na koma littattafaina na ƙirga, sau goma sha ɗaya na rubuta cewa na yi wa Auta faɗa kan wasa. Na ƙarshen, saura kwana tara ya kwanta.

Bayan rasuwar, matarsa ta ce ba ta iya kallon na'urar a ƙarƙashin talabijin, in ɗauke ta. Na kai ta ɗan ɗakin da ke bayan wurin aikinmu, inda maigida ya jefar da wata tsohuwar talabijin tsakanin kwalaye. Ta yi wajen wata uku a kwali. Ranar da injin yanka ya lalace muna jiran mai gyara, sai na haɗa ta, wai in ga ko tana aiki. Haka dai na faɗa wa kaina.

Layi ɗaya ya fito a allon: sunan Auta, da kwanan wata, da ƙarfe biyar da minti goma sha biyu na yamma. Jajibirin ranar da aka kai shi asibiti. Na danna. Sai ga mutum cikin alkyabba ruwan ƙasa, ya ba ni baya, yana tsaye a bakin wata gada ta katako. Ruwa na gudu a ƙasa, iska na kaɗa gefen alkyabbar. Kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka, yana numfashi. Gwaggo, tun ranar da Auta ya ajiye shi a wurin yake tsaye, bai san an yi rasuwa ba.

Akwai wani mai gadi a bakin gadar da yake cewa duk wanda ya ƙetare ya shiga ƙarshen labari, babu dawowa. Don haka ban ƙetare ba. Na juya baya, na bi garuruwan da Auta ya bi. A nan abin ya kama ni. Mutanen ciki sun san shi. Wata tsohuwa tana sa masa albarka don ya nemo mata ɗanta. Wani maƙeri da ya hango shi sai ya ajiye guduma ya ce ga aminina. Akwai kuma wani gari da ya ƙone ƙurmus, mutanensa suna juya masa baya, wata mata ma tofar da yawu take yi. Na daɗe a wurin ina tunanin me ƙanena ya yi musu. Kamar zaman gaisuwar da ba ya ƙarewa, kowa da abin da zai faɗa mini a kansa wanda ban sani ba.

Sai yanzu na gane abin da yake gani a ciki. Ni nakan ɗinka littafi ɗari biyar, ba wanda zai tambayi wa ya ɗinka. A can kuwa, ko guga ka ciro wa mutum daga rijiya, yana riƙe da shi. In ka faɗi magana mara daɗi, kana iya komawa baya ka zaɓi wata. Ni da na cika kwali da labarin kwanakina, ko harafi ɗaya ban isa in canza ba.

Na kafa wa kaina doka. In za ka fita, wasan yakan tambaya ko a adana inda ka tsaya. In na ce e, kwanan watana zai hau kan nasa, mutumin kuma zai koma inda ni na bar shi, ba inda Auta ya bar shi ba. Don haka kullum a'a nake cewa. Bayan an tashi aiki, biyar zuwa shida, awa ɗaya daidai, in fara daga bakin gada, in yi yawo, in ce a'a, gobe in same shi a bakin gada. Yau kwana ɗari da uku. Na buɗe littafi na musamman, na zana taswira, na rubuta abin da kowa ya ce. Maiɗakina ta ɗauka aiki ne ya yi yawa, har tana ƙara mini abinci. Wata rana yatsana ya kusa danna e, na fizge wayar daga bango, na zauna a ƙasa cikin tarkacen takarda.

Na san inda matattu suke, kuma ina yi masa addu'a. Amma in ina shafa gam sai in ji kamar yana can cikin kwali yana jirana. Akwai gadar masu ƙafa da nake hawa in zan je aiki, sau biyu ina cin birki a bakinta saboda wani mai riga ruwan ƙasa ya ba ni baya.

To ga inda ta ƙwaɓe. Sati uku da suka wuce matar Auta ta zo ta ce mana ƙarshen wata za ta koma gidan iyayenta a wani gari, tare da yarinyar. Muna cikin magana Uwata ta ja hannun rigata, wai Baba Babba in dawo musu da wasansu, gada kawai ta rage, Abbanta ya ce ranar Asabar za su ƙetare. Wasansu, Gwaggo. Ban taɓa sanin tare suke yi ba. Ita ta zaɓi alkyabbar. Garin da ya ƙone ma ita ce. Wai an yi sallama Abbanta ya fita, ta danna abin da ba ta karanta ba. Ta yi kuka a koma baya, ya ƙi, wai Hajiya Uwa mai ƙona gari, tunda ta yi, sai su ci gaba a haka su ga ko za a iya gyara wani abu. Tana ba ni labari tana dariya, ga giɓin haƙorin da ya faɗi.

Ni kuma na dubi marainiyar ƙanena na ce mata na'urar ta lalace, tana wurin mai gyara.

Sau biyu ta kira ni da wayar mamanta tana tambaya ko an gama. Na biyun har da koya mini dabara, wai in ce wa mai gyaran ya hure ƙurar bayanta, haka Abba yake yi. Mamanta ta karɓi wayar tana ba ni haƙuri, wai kada yarinya ta dame ni.

In na ba ta, za ta ƙetare, za ta ce e, ƙarfe biyar da minti goma sha biyun nan ya tafi. In na hana ta, na ci abin marainiya kuma na ƙara da ƙarya. Saura kwana tara su tashi. Shin taɓuwa na fara yi? Kuma yaya zan yi?

Mai ɗinkin littafi

*

Ɗana mai ɗinkin littafi,

Allah ya jiƙan Auta. Ba taɓuwa ka yi ba, kewa ce, kuma ta samu ƙofar da ta dace da ita. Masu ƙera irin wannan wasa sun san zuciyar mutum. Suna ba shi fuska, su sa duk abin da ya yi ya bar sawu, su sa duniya ta tsaya cak har sai ya dawo. Mai lafiya ma yakan shagala, balle wanda ya shiga ya tarar da sawun ɗan'uwansa bai bushe ba. Ba zan ce maka kwana ɗari da ukun nan ɓata lokaci ba ne. Ka san ƙanenka ta fuskar da ba ka san shi ba yana raye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ka duba abin da kake yi da kyau. Wasan tafiya ne, kai kuma ka mayar da shi wurin tsayuwa. Kullum kana komawa ranar da bai kwanta ba, don kada gobenta ta zo. Ta riga ta zo, ɗana. Kuma ka ji da kunnenka daga bakin yarinyar: shi mai wasan, da aka ƙona masa gari, bai koma baya ba, alhali yana da damar komawa. Faɗan nan sau goma sha ɗaya da kake ƙirgawa, mutumin da yake amsa maka da dariya da tayin wanke babur bai tafi da kai a zuciya ba.

Na'urar kuwa ba taka ba ce. Ajiya aka ba ka. Rabin abin da ke ciki hannun yarinyar ne, kuma alkawari ne tsakaninta da mahaifinta. Kai kana da shekara talatin da uku na zama da shi, da kwali cike da rubutu. Ita tara gare ta, da gada ɗaya.

Ka fara da maiɗakinka, yau ɗin nan. Matar da take ƙara maka abinci saboda aikin da babu shi ta cancanci gaskiya, kuma ina kyautata zaton tare za ku yi kukan. Gobe ka ɗauki na'urar ka kai wa wanda ya san kanta da gaske, ka tambaye shi ko za a iya kwafe ajiyar Auta a filash yadda take. Sau da yawa ana iyawa. Kada ka gwada da kanka. In an samu, ka ba maiɗakinka ta adana maka, ba don ka buɗe sabon zaman biyar zuwa shida ba. In kuma an ce ba zai yiwu ba, ka ɗauki hoton layin nan da wayarka, ya isa. Ko an kwafa ko ba a kwafa ba, na'urar za ta koma.

Sai ka je wurin matar ƙanenka ka faɗa mata yadda aka yi, ba kwana-kwana. Yarinyar ma kada ka ce mata an gyara, wannan ƙarya ce ta biyu. Ka ce mata ba ta lalace ba, Baba Babba ne ya yi kewar Abbanta ya kasa rabuwa da ita, ta yi haƙuri. Mai shekara tara da ta rasa uba za ta gane wannan fiye da yadda kake zato. Littafin taswirar nan ka tafi da shi, za ta ga Baba Babba ya san hanyoyin garuruwansu, kuma za ku samu abin hira a waya bayan sun tashi.

In bayan wannan har yanzu kana cin birki a hanya, ko abinci da barci suka gagara, ka ga likita. Babu abin kunya a ciki.

Akwai Asabar ɗaya kafin su tashi. Ka je da wuri, ka haɗa wayoyin da kanka, ka miƙa mata hannun wasan. Kada ka nuna mata hanya, kada ka ce ta yi a hankali. In tambayar nan ta fito a allo, ba kai aka tambaya ba. In ba za ka iya kallo ba, ka rufe ido, amma kada ka fita daga ɗakin. Za ta waiwayo ta nemi babban da zai ga ta ƙetare, kuma kai kaɗai ka rage da ka san nisan tafiyar.

Allah ya haskaka makwancin ƙanenka, ya raya Uwarka cikin albarka, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Gwaggonku