Dami Uku a Tungar Marke

Kankara, ran Talata

Zuwa ga Mansura, uwar Salim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya idon tsohuwata Goggo, an cire auduga kuwa? Yaya zaman Katsina? Ni lafiya lau, sai kewarku da ta ishe ni. Tun da aka ɗauke sabis na koma rubutu irin na zamanin da nake neman aurenki, don haka ki yi haƙuri da hannuna. Jabiru direba zai kawo maki wannan.

Wani labari na ji da ya hana ni sukuni. Wani mai awon hatsi da ya dawo daga kasuwar Yankara ya rantse mani cewa ya ga dawa tsaye a gonar Goggo ta Tungar Marke, har ta yi kai. To, wa ya shuka? Damina uku ke nan da muka taso daga garin, ko kaza ba a bari ba. Kin san gonar nan ita kaɗai Goggo ta gada wurin mahaifinta, kuma kin san halin mutane. In mutum ya noma wuri shekara uku ba wanda ya ce mashi kanzil, gobe sai ya kawo shaidu ya ce nashi ne. Wallahi in ta tashi daga jinya ta ji gonar ta tafi, ban san da idon da zan dube ta ba.

Zan je in gani da kaina. Na san abin da za ki ce, ki riƙe shi tukuna. An hana hawa babur, mota kuma ba ta shiga can, saboda haka da keke zan tafi. Ba tsohon nan da kike wa dariya ba. Bilya mai gyaran keke ya samo wani a kayan gwanjo na Kano, ya ba ni aro. Wani irin abu ne, Mansura! Kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, tayoyinsa masu kauri da 'yan haƙora, ga giya har na gaji da ƙirgawa, kuma da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Bilya ya ce ba na tsere ba ne, ba kuma na dako ba ne, shi ma bai san don me aka ƙera shi ba. A kan kwalta dai sai gurnani yake, nauyi-nauyi. Ina so in san inda yake jin daɗi.

Kada ki gaya wa Goggo komai sai na sake rubutowa. Ki gaishe ta, ki shafa mani kan yara.

Naki,
Yahuza

Faskari, ran Juma'a

Mansura,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan takardata ta same ku lafiya, Goggo kuma tana samun sauƙi. Na iso Faskari jiya da la'asar, na sauka gidan wani malami da muka yi karatu tare.

Na gano sirrin keken Bilya. Da na bar kwalta bayan Sheme na hau hanyar burji, sai abin ya zama wani daban. Tsakuwar da take jijjiga mutum har haƙoransa, shi lashe ta yake yi. Na hau tudun da a da sai na sauka na tura, ina zaune a sirdi, ƙafafuna na juyawa a hankali, har ina da numfashin kallon gefe. Daga sama sai ga ƙasa ta shimfiɗe, tudu bayan tudu, dawa ta yi ja, ɗorawa da kaɗanya a warwatse, duwatsu baƙaƙe can nesa. Shekara arba'in da bakwai ina ƙasar nan ban taɓa tsayawa na dube ta haka ba. Gangaren kuwa, kada ki gaya wa kowa, ihu na yi ni kaɗai.

Na kuma sha ƙasa sau ɗaya. Yashin wata ƙorama ya kama tayar gaba, na tashi sama na sauka a gwiwa. Wasu mata masu wanki suka yi mani sannu suna ƙunshe dariya, ɗayarsu ta dubi ƙahonin keken har tana tambaya ko ragon ne ya tunkuye ni. Ƙaya ta huda tayar baya sau biyu, na yi faci a gindin marke.

Ba zan ɓoye maki ba, akwai tsoro. Na wuce ƙauyuka biyu ba kowa, ciyawa ta rufe ƙofofi. A cikin dajin da ke tsakaninsu ba abin da nake ji sai kukan tsuntsaye da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashina, nan na gode wa Allah da keke ba ya da ƙugi. 'Yan sa-kai sun tsayar da ni, amma rabin tambayoyinsu a kan giyar keken ne.

A nan na samu wani da ya bi ta gonar a watan jiya. Bai ga mai nomanta ba, amma ya faɗi abin da ya ƙara ɗaure mani kai. Wai kunyoyin sun bi gangare daga sama zuwa ƙasa, maimakon su gitta shi, har ruwa ya ci rabinsu. Mansura, wane manomi ne zai yi huɗa haka? Ko Salim ya san in ka bi gangare ruwa zai kwashe maka taki. Ɓarawon gona da bai iya noma ba! Na kasa gane ko wane ne, kuma na shirya mashi maganganu masu zafi tun daga Sheme, ina bitarsu ina tuƙi.

Gobe da hantsi zan shiga, in fita ta Sabuwa kafin la'asar. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Yahuza

Sabuwa, ran Lahadi

Mansura, uwar Salim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Goggo da yara. Ki kwantar da hankalinki, na shiga na fito lafiya. Wannan takardar kam ki karanta wa Goggo ita, a hankali.

Na isa Tungar Marke da rana tsaka. Gidanmu ya zube, sai bangon ɗakinmu na gabas. Ban daɗe ba na gangara gona. Dawa na nan, an fara yanka, kunyoyin kuwa yadda aka faɗa suke, abin takaici. Na jingine keke na yi sallama da muryar faɗa. Wanda ya ɗago daga cikin karan sai da na dube shi sau biyu. Baba Gide ne, mai shanun nan da yake sauka gonar Goggo kowace kaka, shanunsa su ci kara su bar mata taki. Ya rame ƙwarai. An kore mashi shanun gaba ɗaya a shekarar da muka tashi, ba shi da inda za shi da iyalinsa, sai ya ɗauki fartanya yana da shekara sittin da wani abu. Ashe shi ya sa huɗar ta fito haka, mutumin bai taɓa yi ba.

Na ajiye maganganun da na haddace, na gaishe shi. Shi kuwa bai ba ni haƙuri ba, bai kuma yi mani bayani ba. Ya kira wasu mutum biyu na tungar gaba da suke taya shi yanka, ya ja mu zuwa kogon dutsen da ke bayan gonar, ya janye ƙayar da ya toshe bakin da ita. Dami uku ne a ciki, a jere a kan itace. Galla ce, damin da mai aron gona yake kai wa mai ita kowace kaka don a san ba tashi ba ce. Bai san inda muke ba, sai ya riƙa ajiye wa Goggo a nan. Na bana sabo ne, na bara ya yi duhu, na farkon kuwa ƙwari sun mai da shi gari. Ɗaya daga cikin mutanen ya gaya mani a gefe cewa a shekarar farkon dami huɗu kacal Baba Gide ya samu, iyalinsa har ganyen tafasa suka ci da damina, amma wannan bai taɓa shi ba.

Nan na yi wautar da har yanzu nake jin kunyarta. Tausayi ya kama ni, na ce ya riƙe abinsa, ba ma bukata. Tsohon nan ya ɓata rai irin yadda ban taɓa gani ba. Ya ce in mai gona ya ƙi karɓar galla, to ko dai ya bar gonar ke nan, ko kuma yana cewa ƙwace aka yi mashi. Shi kuwa ba a ba shi ba, bai kuma ƙwata ba, kada in bar shi a tsakani a gaban mutane. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, sai da makiyayi ya tuna mani da wannan.

Na durƙusa na karɓa da sunan Goggo, dami bayan dami, mutanen biyu suna kallo. Na zari zangarniya ɗaya daga kowanne. Sauran na ce Goggo ta ba iyalinsa, na san ba za ta ƙi ba. Kafin in tafi na ɗauki garma na gitta mashi kunya biyu don ya ga yadda ake yi. Ya ce in Goggo ta yarda zai ƙara shekara, in ba ta yarda ba zai tashi bayan girbi. Wannan maganar tata ce, ban taɓa ta ba.

Ki gaya wa Goggo gonarta na nan, da shaidu biyu. Zangarniyoyin suna cikin ƙunshin da ke tare da takardar nan. Ta farkon duk ta ruɓe, kada ki ɗauka shara ce ki yar. Ita nake so ki fara sa mata a hannu.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne naki,
Yahuza