Walimar Hindatu Ba Ta Jiran Jami'a

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar Hajiya Rabi? Mu nan Kashin Zama lafiya lau, ana ta cirar albasa.

Saƙonka ya iso, wai a ɗage walimar saukar Hindatu tunda ta faɗi jarrabawar shiga jami'a. Tana kusa da wayar lokacin da ka kira ta daƙiƙiya, ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Yaya, ɗiyar da ta sauke izu sittin ce daƙiƙiya? Naka 'ya'yan ka auna su da maki, ni mutum na haifa.

Walima ranar Asabar, rago na ɗaure. A gaida yara, a sa mu a addu'a. In za ka zo, bar kalmar nan a Abuja.

Ƙanwarka,
Asabe